Koyar da Ƙananan Yara Rubuta Wasulan Hausa Masu Rikitarwa

1.0 Gabatarwa

An saba cewa rubutun boko na Hausa ba shi da wahala, domin yadda ake furtawa haka ake rubutawa. Ta fuskar baƙaƙe maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta fuskar wasula tana buƙatar gyara. Haruffan wasali biyar ne: a, e, i, o, u. Ƙwayoyin sautin da suke wakilta kuwa goma sha biyu ne, wato gajeru biyar, dogaye biyar, da tagwaye biyu, /ai/ da /au/. Wasu littattafan makarantu suna ƙara /ui/, adadin ya zama goma sha uku. Ga kuma karin sauti, wanda rubutun yau da kullum ba ya nuna shi sam. Yaron da ya shiga aji ɗaya na firamare yana ɗan shekara shida ya riga ya mallaki duk waɗannan a kunnensa da harshensa. Abin da bai sani ba shi ne wanne rubutu ya ɗauka, wanne ya bari, wanne kuma ya sauya wa kama.

Manufar wannan takarda ita ce rarrabe kurakuran wasali da ake gani a rubutun yara 'yan aji ɗaya zuwa uku gwargwadon tushensu, tare da ba da shawarar yadda za a jeranta darussansu. Matsayin takardar shi ne, akasarin waɗannan kurakurai ba daga sakaci suke ba: kunnen yaro ya ji daidai, ƙa'ida ce ta bi wata hanya dabam. Saboda haka kowane rukuni da irin maganinsa, kuma “sake rubutawa sau goma” ba ya warkar da mafi yawansu.

2.0 Waiwaye

Rashin nuna tsawon wasali zaɓi ne da aka yi, ba mantuwa ba. Ƙa'idojin da Hanns Vischer (Ɗan Hausa) ya fitar a 1912 domin makarantun Arewa sun tsaya ga haruffa biyar. Masu ƙamus sun bi wata hanyar: Bargery (1934) da Abraham (1949) duk sun nuna tsawo da karin sauti, domin baƙon harshe ba zai iya furta kalma daidai ba sai da su. Littattafan Hukumar Talifi ta Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, Hausawa aka yi wa su, don haka suka bar wa mai karatu ya cike giɓin da saninsa na harshe. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ba ta sauya wannan ba.

Taron masana da UNESCO ta shirya a Bamako a 1966 ya kawo ra'ayin ninka harafi domin nuna dogon wasali, Jamhuriyar Nijar kuma ta yi aiki da shi na wasu shekaru. Nijeriya ba ta karɓa ba. Bayan taron daidaita ƙa'idoji na Yamai a 1980 ne ƙasashen biyu suka haɗu a kan barin ninkin. Yahaya (1988) ya kawo tarihin rubutun Hausa na ajami da na boko, yayin da Sani (1999), Newman (2000) da Jaggar (2001) suka bayyana halayen wasulan ta fuskar tsarin sauti.

Ta ɓangaren koyarwa, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta Nijeriya ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a farkon firamare. Tsofaffin littattafai irin su Ka Koyi Karatu, da na baya-bayan nan irin su Mu Karanta! da aka yi amfani da shi a jihohin Bauchi da Sakkwato, ƙarfinsu ya fi karkata ga karatu. Tsakanin bayanin masana tsarin sauti da allon malamin aji biyu akwai tazara, kuma a wannan tazarar takardar ta tsaya.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin na bayani ne, ba na ƙididdiga ba. An ɗauki kalmomin yau da kullum da ƙaramin yaro ya sani, aka kwatanta rubutunsu na daidaitacciyar Hausa, kamar yadda yake a Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006), da furucinsu na magana, musamman a karin Kano. An yi amfani da zubin kamantau, wato kalmomi biyu da sauti ɗaya tak ya raba, domin tantance inda bambancin wasali yake sauya ma'ana. An sa furuci a cikin baka mai kusurwa [ ], ƙwayar sauti a tsakanin sanduna / /. Inda aka ninka wasali, domin bayani kawai aka yi.

4.0 Rabe-raben Matsalolin

4.1 Tsawon wasali

Nan kunne yana jin abu biyu, alli yana rubuta ɗaya. Misalan sanannu ne: gari na zama da [gaarii] na tuwo, duka mai nufin gaba ɗaya da [duukaa] na bulala, dafa abinci da [daafa] kafaɗa, fasa tulu da [faasa] tafiya, baƙi na launi da [baaƙii] masu zuwa gida. A nahawu ma haka yake: “ya tafi” na iya zama labarin abin da ya auku, [yaa tafi], ko umarni, [ya tafi]. Sunayen mutane da aka ciro daga gama-garin suna, irin su Sabo da Ango da Baƙo, gajeren wasali ne a ƙarshensu, alhali kalmomin da suka fito daga cikinsu dogo ne.

Ga mai rubutu wannan sauƙi ne, tunda harafi ɗaya zai sa ko ta yaya. Wahalar tana kan mai karatu, wanda sai ya kai ƙarshen jimla kafin ya san wace kalma ake nufi. Duk da haka tana ɓullowa a rubutu ta bayan gida: yaro mai kaifin kunne yakan ga bai kamata kalmomi biyu mabambanta su zama iri ɗaya ba, sai ya nemi dabara da kansa, ya rubuta “gaari” ko “gidah”. Harafin h na ƙarshen kalma ya yi yawa a saƙonnin waya na manya, kuma yara suna gani. Wanda yake zuwa makarantar allo ko Islamiyya ya fi kowa wannan ƙoƙari, domin a can an koya masa cewa alif da wawu da ya suna jan wasali. A wannan gaɓar ajami ya fi boko cika, ko da yake shi ma yana da nasa giɓin, tunda rufu'a ɗaya ce take wakiltar gajerun /o/ da /u/.

4.2 Wasulan /e/ da /o/ a rufaffiyar gaɓa

Wannan shi ne rukunin da ya fi cancantar lokacin malami, domin yana da ƙa'ida tsayayya, kuma kalmominsa suna cikin kusan kowace jimla. Gaɓar Hausa ba ta ɗaukar dogon wasali idan baƙi ya rufe ta. Da zarar an liƙa wa suna ɗafin -n, na nasaba ko na madanganci, sai wasalinsa na ƙarshe ya gajarce. Idan /a/ ne ko /i/ ko /u/, gajarcewar ba ta shafi rubutu ba: gida, gidan, tulu, tulun. Idan kuwa /e/ ne ko /o/, sai sautin ya zame ya koma kusa da [a]:

kare, karen [karan]
zobe, zoben [zooban]
wando, wandon [wandan]
zomo, zomon [zooman]
gero, geron [geeran]

In baƙin da ya gabata k ne ko g ko ƙ, wasalin yakan bar masa gado kafin ya tafi. /o/ yana barin leɓantawa, /e/ yana barin ganɗantawa: rago, ragon [raagwan], baƙo, baƙon [baaƙwan], wake, waken [waakyan]. Yaron da malami ya yi wa shifta da “ragon layya” ya rubuta “ragwan layya” bai ƙara ko rage komai a kan abin da ya fito daga bakin malamin ba. In aka ja masa jan biro ba tare da bayani ba, darasin da zai ɗauka shi ne kada ya yarda da kunnensa, alhali da kunnen ya koyi duk sauran rubutun.

Ƙa'idar ta zaɓi ta riƙe siffar asali ta kalma, kuma akwai hikima a ciki. Karan dawa da karen farauta baƙaƙensu da wasulansu kusan ɗaya suke a baki, karin sauti ne ya raba su, shi kuma ba a rubuta shi. Harafin e ne kaɗai yake nuna wa ido wanne ake nufi.

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce mayar da kalma ga tushenta: a cire -n, a saurari abin da ya rage. Akwai kuma wadda ta fi ta kusa da bakin yaro, wato ya mallaka wa kansa abin. A “wandonsa” gaɓar a rufe take, amma a “wandona” a buɗe take, /o/ kuma yana fitowa sarai. Haka “karena”, “zobena”, “ragona”. Yaro ɗan aji biyu yana iya yin wannan gwaji shi kaɗai a kan benci, ba sai an ambata masa rufaffiyar gaɓa ba.

Sai dai ƙa'idar ba ta tafi a miƙe ko'ina ba. A tsakiyar kalma wani lokaci rubutu yana bin furuci: jam'in reshe rassa ne, kuma daga soke ake samun sassoke. Amma jam'in zobe an fi rubuta shi zobba. Irin waɗannan ba su da yawa a kalmomin ƙananan azuzuwa, gara a koyar da su ɗaiɗai idan sun taso.

4.3 Tagwan wasali

A maganar yau da kullum /ai/ yana karkata zuwa [ei] ko [ee], /au/ kuma zuwa [ou] ko [oo]. Shi ya sa ake ganin “nera” da “lefi” da “dena” a maimakon naira da laifi da daina, har a rubutun manya. Wasu kalmomin ma siffofinsu biyu sun daɗe suna yawo tare a buge, kamar shaida da sheda, raini da reni. Zubin kamantau ne yake nuna wa yaro cewa bambancin ba na ado ba ne: sauro mai cizo da soro na ƙofar gida, ɗaura zane da ɗora tukunya, sauka daga mota da soka allura, kaiwa kasuwa da kewar gida.

Idan -n ya biyo bayan tagwan wasali, rabinsa na biyu yana faɗuwa, kuma a nan rubutu furuci yake bi: mai, man gyaɗa, kai, kan tebur, rai, ran sarki, kyau, kyan gani. Yaron da ya riƙe darasin 4.2 da kyau yana iya wuce gona da iri ya rubuta “main gyaɗa”. Kuskure ne, amma irin wanda yake nuna cewa an fahimci darasin baya. Saboda haka bai dace a koyar da ƙa'idojin biyu a mako ɗaya ba.

Batun /ui/, kamar a guiwa ko gwiwa, saɓani ne na masana, bai kamata a kai shi aji biyu ba. Malami ya zaɓi siffar da take littafin ajin ya tsaya a kanta.

4.4 Gajerun /i/ da /u/

A tsakiyar kalma waɗannan biyun sukan narke su zama sauti ɗaya na tsaka-tsaki, musamman a magana mai sauri. Daga nan ake samun biki da buki, fushi da fishi, tunkiya da tinkiya, ɗumi da ɗimi, shiru da shuru, siminti da suminti. Karin harshe yana ƙara wa abin yawa, ga misali wuya da wiya. Babu wata dabarar komawa tushe da za ta yi aiki a nan, kuma saurare ba ya raba gardama, domin malamin kansa yana iya furta kalmar iri biyu a darasi ɗaya. Ido ne kaɗai zai riƙe siffar. Wannan ne rukuni ɗaya tilo da maimaita rubutu yake da amfani a cikinsa. Akwai wuraren da bambancin yake ɗauke da ma'ana, kamar gida da guda, amma yara ba su cika kuskure a waɗannan ba, domin baƙin g yana sauya launi gwargwadon wasalin da ya biyo shi.

4.5 Kinin wasali da hamza

In ban da tagwan wasali, Hausa ba ta jera wasula biyu ba tare da baƙi a tsakani ba. A tafiya, rijiya, kasuwa da gaisuwa, y da w, wato kinin wasali, suna da rauni a kunne, sai yaro ya rubuta “tafia” da “kasua”. A jama'a, sana'a, sa'a da addu'a kuwa hamza ce a tsakani, wadda yara suke ɗauka ƙyalli ne kawai ba harafi ba. Tafa gaɓoɓi yana magance duka biyun: ka-su-wa tafi uku ne, kuma kowane tafi da baƙi yake farawa.

Akasin haka ma yana faruwa. Tunda k, g da ƙ suna ganɗancewa kafin /e/ da /i/, suna kuma leɓancewa kafin /o/ da /u/, yaro yakan rubuta “kyeke”, “gwoma”, “ƙwofa”. Ƙa'ida ba ta rubuta y ko w a nan, domin wasalin ya wadatar. Sunan garin Gwoza na jihar Borno, da yara kan gani a taswira, ba da ƙa'idar Hausa aka rubuta shi ba.

4.6 Tasirin wasu harsuna

Yaron Nijeriya yakan haddace sunayen haruffan Ingilishi tun a nazare, inda ake kiran a da [ei], e da [ii], i da [ai]. In malami ya ce “rubuta i”, sai yaron ya tambaya ko wanne. Ga kuma yarinyar da a gida sunanta Halima, a littafin kiran suna kuma Haleema, ko yaron da aka rubuta masa Ameenu a jikin jaka. Kalmar farko da yaro yake koyon rubutawa sunansa ce, in ta zo da ƙa'idar wani harshe sai ta zame masa ma'auni. A Nijar Faransanci ne yake wannan aiki: ou a madadin u, kamar yadda allunan hanya suke nuna Dogondoutchi. Abin da ya wajaba a darasin Hausa shi ne a kira wasali da sautinsa na Hausa kawai, a kuma faɗa wa yara ƙarara cewa harsunan biyu haruffa suka yi tarayya a kai, ba sautuka ba.

5.0 Tsarin Darasi

5.1 Jerantawa

Hanyar gaɓa-gaɓa, ba be bi bo bu, ta dace da ginin harshen, kuma ba baƙuwa ba ce ga yaron da ya wuce babbaƙu ya shiga farfaru a makarantar allo. A aji ɗaya ya kamata a tsaya ga buɗaɗɗun gaɓoɓi, a fara da a, i, u, waɗanda suka fi yawa a kalmomi, sannan e da o. A wannan mataki rubutu da furuci sun yi daidai, yaro yana samun ƙarfin gwiwa. Tsawon wasali da baki za a koyar da shi: malami ya ja sautin, yara su ja, a sa kowace kalma a jimla, a kuma gaya musu cewa a rubuce iri ɗaya ne. Malami na iya ja wa dogon wasali ɗan layi a sama a kan allo na ɗan lokaci, amma kada yara su kwafe shi a littafi. Ninka harafi a allo ya fi haɗari, domin yana rikicewa da kalmomin hamza: wanda ya saba ganin “saa” ba zai ga laifin barin hamzar sa'a ba.

Ƙarshen aji ɗaya zuwa farkon aji biyu lokacin tagwan wasali ne da kinin wasali da hamza. Rufaffiyar gaɓa mai /e/ da /o/ sai yaro ya fara rubuta jimloli, domin a jimla take bayyana, ba a kalma tilo ba. Kalmomin /i/ da /u/ ba su da wani zango na musamman. Kaɗan-kaɗan za a riƙa tara su a kwali a jikin bango, uku ko huɗu a mako, daga kalmomin da yaran suka yi tuntuɓe da su.

5.2 Shifta da gyaranta

Shifta ita ce gwajin da aka fi yi, kuma a cikinta malami yakan faɗa ɗayan tarko biyu. Ko dai ya yi furucin allo, ya ce [raagon] da /o/ cikakke, yara su ci gwajin amma su faɗi ranar da suka rubuta tasu jimlar. Ko kuwa ya yi furucin gida sannan ya hukunta wanda ya rubuta abin da ya ji. Abin da ya fi shi ne ya furta jimlar yadda ake faɗarta a kasuwa, ya ba da ɗan lokaci kowa ya yi gwajin mallaka wa kai, irin na “wandona”, a ransa, sannan a rubuta.

Wajen gyara, alama ɗaya ba ta isa ba. Kuskuren da ƙa'ida take warwarewa, irin “wandan”, a ja masa layi a bar yaro ya gano da kansa. Wanda ido ne maganinsa, irin “fishi”, a rubuta masa daidai a gefe ya kwafa. Wanda ya fito daga karin harshen garinsu a nuna masa siffar daidaitacciyar Hausa ba tare da an ce tasa maganar gurɓatacciya ce ba, domin ɗan Sakkwato da ɗan Katsina da ɗan Damagaram duk rubutu ɗaya za su koya alhali bakinsu bai zama ɗaya ba. A aji mai yara da yawa, inda malami ba zai iya bin kowane littafi ba, ana iya rubuta jimla ɗaya mai kuskure a allo, ajin ya faɗi ko wane iri ne kafin a gyara.

Inda littattafai suka saɓa, kamar biki da buki, makaranta ta zaɓi ƙamus ɗaya ta riƙe shi tun daga aji ɗaya har aji shida. Yaron da ya rubuta ɗaya siffar, wadda shi ma a buge ya gan ta, a nuna masa zaɓin makarantar, amma ba a rage masa maki.